Wanke allo: me ya sa karatu ke zubewa, kuma yaya ake ɗaure shi

Daga watan Afrilu har zuwa lokacin jarrabawa, wanda ya ratsa unguwannin Yamai bayan sallar isha'i ba zai rasa ganinsu ba: ɗaliban BEPC da na BAC, jarrabawowin kammala ƙaramar sakandare da babba, ƙarƙashin fitilun titi, kaye, wato littafin rubutu, a hannu, suna kai da kawo, leɓɓa na motsi. Wani ya jingina da bango yana bin layi da yatsa, wani ya ja wa rabin shafi jan bik, wato biro. A unguwar Harobanda, ƴan Jami'ar Abdou Moumouni ma haka suke raba dare. Yaran nan ba ragwaye ba ne. Zafin da ya haura digiri 40 da rana bai hana su ba, sauro bai hana su ba. Amma da yawansu, ranar da aka raba takardun tambaya, kukansu guda ne: "Wallahi na karanta, har shafin da abin yake ina gani a idona, amma ya ƙi zuwa."

Gaskiya suka faɗa, kuma a cikin maganar tasu ciwon yake. Shaida abu daban, tuno shi daban. Ka haɗu da mutum a kasuwar Wadata, ka shaida fuskarsa sarai, amma sunansa ya maƙale. Haka shafin da aka karanta sau biyar yake zama: ido ya saba da shi, yana bi babu tuntuɓe, zuciya ta ɗauki wannan sauƙi a matsayin sani. Ita kuwa jarrabawa ba ta nuna maka shafi ta ce ko ka taɓa ganinsa. Farar takarda take ba ka, ta ce ka ciro. Wanda bai taɓa gwada cirowa a gida ba, a ɗakin jarrabawa zai fara gwadawa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da ya kamata ya dame mu shi ne maganin yana nan cikin unguwa, ƙofa da ƙofa da lakwal, wato makarantar boko. Ka tsaya ka kalli almajiri da allonsa. Ya rubuta darasi da tawada, malam ya biya masa ya gyara kurakurai, ya koma gefe yana maimaitawa. In ya ji ya riƙe, sai ya dawo gaban malam, ya juya allon, ya kawo da ka. Ya yi tuntuɓe, a gyara, ya koma. Ya kawo daidai, a ce ya je ya wanke. Da ruwa ya sauka a kan allon, rubutun ya tafi, daga ranar ba shi da wurin da zai nemi wannan darasi cikin sauƙi sai kansa. Gobe kuma kafin sabon darasi akwai tilawar baya. Mahaddacin da ke kawo izu biyu a rana yana zagaye izu 60 cikin kwana 30, ya sake somawa, haka har tsufa. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya yi umarni da a riƙa bibiyar Alƙur'ani, domin ya fi raƙuma saurin kuɓucewa daga dabaibayinsu. Abubuwa biyu ne tsarin ya tsaya a kansu: kawowa ba tare da dubawa ba, da komawa baya a kai a kai. Yaron da ke yin wannan da asuba, shi ne kuma da dare yake riƙe kayen tarihi yana ta kallo, bai taɓa kife shi ba.

Masana halayyar ɗan Adam sun auna wannan abu da lissafi. A 2006, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, a Amurka, sun ba ɗaliban jami'a wani gajeren rubutu. Rukuni ɗaya ya karanta shi a zama huɗu. Ɗaya rukunin ya karanta a zama guda, aka karɓe takardar, aka ce su rubuta duk abin da suka tuna, aka maimaita haka sau uku. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaita karatu ne a gaba. Bayan mako guda lamarin ya juye: masu maimaita karatu sun riƙe kashi 40 cikin 100, masu rubutawa da ka sun riƙe kashi 61. Kuma da aka tambaye su tun farko wa ke ganin zai tuna, masu maimaita karatun ne suka fi yarda da kansu. Hanyar da ta fi daɗi ita ke sa mutum ya ji ya iya, hanyar da ke da wahala ita ke barin abu a ka. A 2013 John Dunlosky da abokan aikinsa suka tattara binciken da aka yi a kan dabarun karatu goma. Biyu kaɗai suka samu babban matsayi: gwada kai, da rarraba karatu a ranaku. Ja wa layi bik da maimaita karantawa, waɗanda su ne abincin yawancin ɗalibanmu, a ƙasa suka faɗo.

Yadda ake kife kaye

Ka ɗauki yanki kaɗan, shafi ɗaya ko biyu, wanda za ka iya karantawa a natse cikin minti 15 zuwa 20. Ka karanta don ka fahimta, ba don ka haddace ba tukuna. Sannan ka rufe kayen, ka ajiye shi inda hannu ba ya kaiwa. Ka ɗauki farar takarda, ko ƙaramin allo da alli, ka rubuta duk abin da ya zo: kanun darasi, ma'anoni, shekaru, zane, dalilai. Minti 5 zuwa 10 sun isa. Inda ka maƙale, kada ka yi saurin buɗewa, ka ba kanka kamar daƙiƙa 20 kana lalube, domin wannan laluben shi ne aikin da ke ƙarfafa hadda. Bayan nan ka buɗe kayen, ka ɗauki jan bik, ka cike abin da ka bari, ka gyara abin da ka karkatar. Nan ne amfanin jan bik: ya nuna maka ramukan da ke cikin saninka. Zama na gaba, da waɗannan jajayen wurare za ka fara, kuma da kaye a rufe.

Wurare uku aka fi ɓata wannan aiki. Na farko leƙe. Ɗalibi ya ɗan ɗaga shafi ya ga kalmar farko, sauran suka biyo, ya ce ai na sani. Bai sani ba, ranar jarrabawa babu mai ba shi kalmar farko. Na biyu, amsawa a zuci. A zuci komai yana kama da cikakke, sai ka buɗe baki ko ka ɗora bik a takarda kake gane rabin jimla ce kawai kake da ita. Don haka a faɗa da murya ko a rubuta. Na uku ya fi haɗari: gwada kai ba tare da duba amsa ba. Kuskuren da aka ciro sau uku ba a gyara ba, shi ma zama yake yi daram kamar gaskiya. Almajiri ba ya wanke allo sai malam ya saurare shi, saboda wannan dalili ne.

Ranar farko takardar za ta fito kusan fara, kuma abin yana da ciwo. Da yawa a nan suke karaya su koma tsohuwar hanya. Amma wannan farar takarda ba ta rage maka komai ba, abin da ke nan ta nuna maka, kuma gara ka gan shi a watan Afrilu da ka gan shi a gaban mai tsaron jarrabawa.

Mantuwa tana da lokacinta

Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya wallafa a 1885 sakamakon gwajin da ya yi a kan kansa. Yana haddace jerin gaɓoɓin sauti marasa ma'ana, ya bari lokaci ya wuce, ya auna yawan wahalar da ta ragu masa wajen sake haddace su. Bayan minti 20, ragin kashi 58 ne cikin 100. Bayan awa guda, kashi 44. Bayan kwana ɗaya, kusan kashi 34. Bayan wata guda, kashi 21. A lura da yadda abin yake tafiya: zubewar mai yawa a sa'o'in farko take, daga nan sai ta lafa. Darasi mai ma'ana ba ya zubewa da wannan sauri, amma siffar faɗuwar iri ɗaya ce. Ma'anar wannan ga ɗalibi a fili take: darasin da mushe, wato malamin lakwal, ya bayar da safe, bitarsa ta farko a daren ranar ya kamata ta kasance, ko da ta minti goma ce. Wanda ya bar shi sai mako biyu kafin jarrabawa, sabon koyo zai yi, ba bita ba.

Sai dai kuma kusa-kusa da yawa shi ma asara ne. Idan ka kawo abu daidai yanzu, ka sake kawo shi bayan minti biyu, ba ka ƙara komai ba, domin bai je ko'ina ba balle ka nemo shi. Bita tana aiki ne lokacin da abu ya fara dusashewa amma bai ɓace ba. Nicholas Cepeda da abokansa sun gwada mutane fiye da 1,300 a 2008, suka gano cewa tazarar da ta fi dacewa tana bin nisan ranar da ake bukatar abin: in mako guda ya rage, tazarar kwana ɗaya ko biyu, in shekara ce, tazarar makonni. A aikace, wannan jeri yana yi wa yawancin darussa: daren ranar, washegari, bayan kwana uku, bayan mako, bayan mako biyu, bayan wata. Ba wahayi ba ne, ana iya matsa shi. Ƙa'idar ita ce in ka kawo daidai ka tsawaita tazara, in ka kasa ka gajarta ta. Awa shida a dare guda da awa ɗaya-ɗaya a kwana shida, lokacin ɗaya ne, amma abin da ke saura bayan wata ba ɗaya ba ne.

Matsalar ita ce riƙe lissafin: wane darasi ne ranarsa ta zo? Wani ɗan jarida Bajamushe, Sebastian Leitner, ya fito da mafita a 1972, kuma ba ta bukatar wuta ko intanet. Ka samu kwalin sukari ko na shayi wanda ya ƙare, ka raba cikinsa gida uku da guntun kwali. Ka yanka farar takarda gida takwas, kowane yanki kati guda. A fuska ɗaya tambaya, a bayanta amsa. "Wace rana aka ayyana Jamhuriyar Nijar?" A baya: 18 ga Disamba 1958. Wani katin daban: "Wace rana Nijar ta samu ƴancin kai?" A baya: 3 ga Agusta 1960. Duk sabon kati gidan farko yake shiga, kuma gidan farko kullum ake duba shi. Wanda ka amsa daidai ya haye gida na biyu, da ake dubawa bayan kwana uku. Ya sake tsira, ya haye na uku, na mako-mako. Wanda ka kasa, ko daga gida na uku ne, ya dawo na farko, babu sassauci. Cikin mako biyu kwalin da kansa zai tace maka: abin da ke ba ka wahala yana gabanka kullum, abin da ka iya ba ya cin lokacinka.

Kati yana lalacewa idan aka cika masa kaya. Wanda ya rubuta "Yaƙin Duniya na Biyu" a gaba, ya cusa rabin shafi a baya, ba zai taɓa sanin ko ya ci ko ya faɗi ba. Tambaya guda, amsa guda, wadda za a faɗa cikin numfashi ɗaya ko biyu. Kada kuma a yi sabbin kati hamsin a rana guda saboda zumuɗi, domin kowane kati bashi ne da zai dawo, kuma in bashin ya taru sai a jefar da kwalin gaba ɗaya. Goma zuwa goma sha biyar a rana sun wadatar. Kuskure mafi yawa shi ne cire kati da zarar an amsa shi daidai sau ɗaya. Karpicke da Roediger sun gwada wannan a 2008 da kalmomin Swahili 40. Waɗanda aka ci gaba da tambayarsu kalmomin ko bayan sun iya, sun tuna kusan kashi 80 bayan mako guda. Waɗanda aka daina tambayarsu kalma da zarar sun kawo ta sau ɗaya, kusan kashi ɗaya cikin uku kawai suka riƙe. Mai wayar Android yana iya saka AnkiDroid, kyauta ce, tana aiki ko babu intanet, kuma ita ke lissafa ranakun da kanta. Amma wayar da ke ɗauke da katunan ita ce ke ɗauke da WhatsApp da TikTok. Wanda ya san halinsa, kwalin sukari ya fi masa.

Abin da ba a fahimta ba, ba shi da marataya

A nan ne hanyar allo kaɗai ba ta isar wa ɗan lakwal. Alƙur'ani lafazinsa ake kiyayewa harafi da harafi, amma tambayar lissafi ko ta labarin ƙasa ba ta zuwa da lafazin kaye. Ga kuma nauyin harshe: yaro yana tunani da Hausa ko Zabarmanci, kayensa kuma da Faransanci yake. Sai ya haddace sautin jimla kamar waƙa, in kalma ɗaya ta faɗi daga tsakiya, duk jimlar ta rushe.

Abin da mutum ke iya riƙewa a ka lokaci guda kaɗan ne ƙwarai. George Miller ya ce kusan bakwai a 1956, binciken baya, musamman na Nelson Cowan a 2001, ya sauko da shi kusan huɗu. Shi ya sa lambar waya ta Nijar, mai alƙaluma takwas, biyu-biyu muke faɗinta: takwas sun zama huɗu. Fahimta ita ke yin wannan ɗauri a darasi. Ɗauki misalin kogin Kwara da ke ratsa Yamai. Ɗalibi yana iya haddace cewa kogin yana cika sau biyu, ɗaya wajen Agusta da Satumba, ɗaya wajen Janairu, ya kuma rikita su ranar jarrabawa. Amma in ya tambayi kansa don me, sai abin ya ɗaure: cikar farko ruwan damanar yankin nan ne da rassan kogin suka kwaso, shi ya sa ruwan yake ja da laka. Ta biyu ruwan da ya sauka ne a tsaunukan Gini, inda kogin ya faro, ya yi watanni yana tafiya, ya bazu a fadamun tsakiyar Mali suka riƙe shi, sai cikin sanyi ya iso ƙarƙashin gadar Kennedy. Yanzu watannin ba sa bukatar hadda, labarin ne ke kawo su. Wanda ya taɓa tsayawa a kan gadar cikin hunturu ya ga kogi cike alhali an yi watanni babu ruwan sama, ya riga ya mallaki rabin darasin.

Gwajin fahimta mai sauƙi ne. Ka kira ƙanenka ko ƙanwarka, ka bayyana darasin da Hausa, kaye a rufe. Duk inda ka ji dole sai ka tsallaka zuwa jimlar Faransanci da ka haddace saboda ba ka da yadda za ka faɗe ta da bakinka, nan ne ba ka gane ba. Yaro kuma ba ya jin kunyar cewa "Yaya, don me?", kuma wannan tambaya tasa ta fi jan bik amfani. Bayan ka iya da Hausa, sai ka sake kawo shi da Faransanci da ainihin kalmomin fannin, tunda da su za a yi maka maki. Uwa ko uba da ba su yi lakwal ba suna iya wannan aiki sarai. "Ɗana, rufe littafin, gaya mini abin da aka koya muku yau." Ba sai sun san amsar ba, cirowar da yaron ya yi ita ce ribar.

Masu lissafi da kimiyya suna da tasu matsalar. Ƙungiyoyin ɗalibai da ke jingina baƙin allo a bango suna aiki tare da dare abu ne mai kyau, amma yawanci mutum ɗaya ne ke riƙe da alli, sauran suna gyaɗa kai. Mai allin ne kaɗai ke koyo. Gyaran shi ne kowa ya fara gwada tambayar shi kaɗai a takardarsa minti biyar ko goma, sannan a tashi wanda ya fi rauni ya hau allo. Abu na biyu, a daina yin tambayoyi iri ɗaya guda ashirin a jere. In duk na babi guda ne, ka san hanyar tun kafin ka karanta tambayar, alhali a jarrabawa babban aikin shi ne gane wace hanya ce ta dace. Doug Rohrer da Kelli Taylor sun nuna haka a 2007 da lissafin girman siffofi huɗu. Masu yin iri-iri a jere sun fi samun daidai lokacin atisaye, amma bayan mako guda kashi 20 suka ci, masu gaurayawa suka ci kashi 63. Sabon babi a fara shi shi kaɗai har a kama hanyarsa, daga nan a cakuɗa shi da na baya. Tsofaffin tambayoyin BEPC da BAC sun riga sun zo a gauraye, a yi su da agogo a gaba. Mahaddata sun san irin wannan: ayoyi masu kama da juna ba a raba su sai an jera su kusa an ga inda suka saɓa.

Akwai dabarar da ake yawan tallatawa, ta ajiye abubuwa a wurare, wadda masu huɗuba na tsohuwar Girka da Rum suka yi amfani da ita. Ka bi gidanku a zuci, ka ajiye kowane abu a wuri guda da hoto mai ƙarfi. Maƙwabtan Nijar bakwai, daga arewa ana zagayawa ta gabas: buhun dabinon Aljeriya ya tare ƙofar zaure, bargunan Libiya sun rufe tsakar gida, bandar kifin Chadi tana cikin randa, takardun naira na ci a murhu, abarbar Benin a turken akuya, keken Burkina Faso a kan gado, shaddar Mali a kan igiyar shanya. Tana aiki, kuma masu gasar hadda da ita suke cin gasa. Amma jeri take riƙewa, ba ma'ana ba. Ta dace da matakan wani aiki ko kanun amsar falsafa, ba za ta koya maka dalilin komai ba, kuma ita ma in ba a bita tana gogewa.

Dare, shayi da jiki

A can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani sashe da ake kira hipokampus, shi ke karɓar sabon abu. An gane muhimmancinsa ne bayan 1953, lokacin da aka cire wa wani Ba'amurke, Henry Molaison, yawancin wannan sashe don maganin farfaɗiya: ya ci gaba da tuna ƙuruciyarsa, amma sabon abu ya daina zama masa. Lokacin barci mai nauyi, wannan sashe yana sake bin abin da aka koya da rana yana miƙa shi ga ma'ajiya mai ɗorewa. Wanda ya kwana yana karatu ya hana wannan aiki faruwa, ya kuma shiga washegari da kan da ba ya karɓar sabo. Matashi mai shekara 14 zuwa 17 yana bukatar awa 8 zuwa 10, babba awa 7 zuwa 9. A watannin zafi, da ɗaki ba ya kwantuwa sai dare ya raba, wannan yana da wuya, shi ya sa tsari ya fi ƙoƙari amfani: abu mai wuya a yi shi bayan sallar asuba da sauran sanyi, a yi ƙailula ta minti 20 zuwa 30 bayan azahar, a bar bitar kati da kawowa da ka zuwa dare kafin kwanciya.

Shayin fada, wato majalisar hirar samari, yana da hannu a nan. Sinadarin da ke hana barci a cikinsa yana ɗaukar kusan awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki. Wanda ya sha na fari mai ɗaci da ƙarfe goma na dare, ƙarfe uku na asuba rabinsa na nan yana aiki, ko ya samu barci ba mai nauyi ba ne. A sha shi da safe ko da rana, a tsaya daga la'asar. Tramol kuwa, da wasu ke ba juna da sunan ƙarin ƙarfin karatu, maganin ciwo ne mai kama jiki, yana dusashe hankali, yana iya jefa mutum cikin jijjiga irin ta farfaɗiya. Babu wata ƙwaya a kasuwa da aka tabbatar tana ƙara wa lafiyayyen mutum hadda.

Wani lokaci kuma matsalar ba ta dabara ba ce sam. Yarinyar da kullum take gajiye, idonta ya yi fari, tana haki in ta ɗan yi tafiya, mai yiwuwa ƙarancin jini ne, wanda ya yawaita ga ƴan mata da yaran da zazzaɓin cizon sauro ke yawan kamawa. Gwajin jini ne zai nuna, kuma hanta, nama, wake da zogale suna taimakawa tare da maganin da likita ya rubuta. Yaron da ke zaune a bayan aji yana ƙanƙance ido, ko wanda sai an maimaita masa magana, a duba idonsa da kunnensa kafin a kira shi daƙiƙi, domin abin da bai shiga ba ba a cewa an manta shi. Haka wanda ya tafi lakwal da cikin wofi, ko ya wuni cikin zafi bai sha ruwa ba. Dattijon da ya fara ɓata a hanyar da ya saba, ko yake maimaita tambaya guda sau da yawa a zama ɗaya, shi ba kati yake bukata ba, asibiti za a kai shi.

In mako guda ya rage a shiga jarrabawa, a daina buɗe sabon babi sai wanda ya zama dole. Kowace safiya a yi tsohuwar tambaya guda cikakkiya, a lokacin da za a yi ta gaske, waya a kashe a wani ɗaki, a gyara da jan bik bayan an gama. Da yamma a bi gidan farko na kwalin da jajayen wuraren da suka taru. Daren ƙarshe bita ta awa ɗaya ta isa, a haɗa katin shaida da bik biyu da gorar ruwa, a kwanta da wuri. A ɗakin jarrabawa, in wani abu ya maƙale, kada a tsaya ana kokawa da shi: a rubuta a takardar gwaji duk abin da ke kewaye da shi, babin da yake ciki, misalin da mushe ya bayar, zanen da ke gefen shafin, a wuce tambaya ta gaba, a dawo masa bayan minti goma.